Inda Na Taka, Ku Taka

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma a wannan tafiyar ma taubashina ne ya shige gaba.

Ya rasu da hantsi, bayan an gama yankan shinkafa, kafin azahar mun kai shi. Sahu biyu muka yi a sallar gawa, na biyun ma bai cika ba. Gaya garin masu sauri ne. Kamyo, manyan motocin kaya, na jiran duwan, wato kwastan, kabu-kabu na jiran fasinja, kowa da abin da ke jiransa a bakin gadar kan iyaka, kuma tsohon sojan da ba ya tsayawa gaisuwa a hanya bai tara masu rakiya ba.

Na zauna a tabarmar zaurensa ina karɓar gaisuwa, ina sauraron yadda mutane ke laluben abin kirkin da za su faɗa, kamar ɗalibin da aka tayar a aji bai yi bita ba. Mai kantin bakin layi ya ce, "Allah ya jiƙan Kapiten. Mutum ne..." Ya daɗe yana nema, sannan ya ce, "mai tsafta." Wata maƙwabciya Badandiya ta leƙo daga ƙofa ta ce "Fonda tilas," gaisuwar ta'aziyya da yarensu, ta ƙara da cewa shekara da shekaru tana gaishe shi, ƙasa yake amsa wa. Wani saurayi ya tambaye ni a hankali ko sojan gaske ne ko laƙabi ne kawai, don shi dai da shebur ya san shi, yana yashe magudanar ruwan unguwa kafin damina.

Mutum ɗaya ne ya yi kuka, makahon da gidansa ke bayan na marigayin. Shi bai nemi kalma ba. Cewa kawai yake yi, "To yanzu wa za ya ja ni? Mushe, wa za ya ja ni?"

Ni ne Mushen, haka ake kiran malamin boko a wajenmu. Na ƙare ƙuruciyata a lakol, wato makaranta, ina gyara dikte, shiftar ƴaƴan mutane, da jan biro, har aka sallame ni da ciwon ido da dogon bayani. Uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, kuma bisa al'adar taubasai shi ubangida ne, ni bawa. Tun muna yara yake kirana "bawana", ni kuma ina da izinin gaya masa duk abin da bakina ya ɗauko. Na yi amfani da izinin nan sosai. Shi ne kawai gadon da na ci daga wajen uwata ban raba da kowa ba.

A soja ɗan jeni ne, wato rukunin da ke gina gada, da gyara hanya, da tono nakiyar da aka binne a ƙasa. Nakan ce masa, "Kai soja ne ko maso? Gwamnati ta ɗauki magini ta sa masa kaki, ga shi yana ta hura hanci." Sai ya ce, "Bawa, da alli ake yaƙi da sai mu sara maka." An tura shi arewa a shekarun tawaye, ya dawo da kunnen dama a toshe da wani sabon hali. Bai taɓa ba mu labarin can ba. In aka matsa masa sai ya ce akwai duwatsu da yawa, ruwa kaɗan. Wannan kuwa ni ma na koya wa yara shi a darasin labarin ƙasa tun kafin ya je.

Halin shi ne ba ya jerawa da kowa. In za ku masallaci, ko kasuwa, ko gona, shi ne gaba, kai a baya, kuma ba gefe-gefe ba, daidai bayansa. Idonsa na ƙasa kamar wanda ya yar da allura. In ka matso kusa da kafaɗarsa sai ya tsaya cak, ba zai ƙara taku ba sai ka koma. Ni in na yi ƙorafi sai ya ce, "Ina ka taɓa ganin bawa ya jera da ubangidansa? Koma baya." Sai in yi dariya in koma, ina zaginsa daga can. Amsar ta dace da al'ada sosai, har ban taɓa neman wata a ƙarƙashinta ba. Mutanen gari kuma, da ba su da taubasantaka da shi, suka sa wa abin suna girman kai, suka huta.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Ranar kasuwa ce, muna ratsa wajen masu rake, na ce bari in gwada shi. Na lallaɓo ta hannun dama, wajen kunnen da ba ya ji, na jera da shi kafaɗa da kafaɗa ina murmushi. Da ya waiga ya gan ni, sai ya cafki wuyan rigata ya wurga ni baya, na faɗa kan tarin rake, hulata ta yi nata waje. Ƴan kasuwa suka kwashe da dariya, suna cewa taubasai sun fara. Amma na ga fuskarsa, ta koma kalar toka. Bai ce mini uffan ba har bayan Layya. Sannan wata rana da la'asar ya shigo gidana da ƴaƴan dara a aljihu, ya zauna ya haƙa gurabe a ƙasa, ya ce, "Bawa ya san wurinsa yanzu?" Muka buga, na cinye shi, aka wuce wurin.

Yana da ƴan maganganu da yake maimaitawa har sun gundure ni. "Ƙasa ba ta ƙarya, amma tana ɓoyo." Da kuma, "Wanda ya gina gada shi ke fara hawa." Wata damina ruwa ya yanke wani ƙauye ta wajen Yelu, mata na tsallaka rafi da goyo a baya, ruwa har ƙirji. Ba wanda ya aike shi. Ya tafi da igiya da guduma, ya sa samari suka sare giginya, suka yi kwanaki suna aiki. Da aka gama ya hana kowa hawa. Ya hau shi kaɗai, da furfurarsa, ya je tsakiya ya yi ta tsalle kamar ɗan akuya, mata na guɗa suna dariya. Ya sauko ya ce, "Yanzu ku hau." Mai gari ya kawo masa rago, ya ce a yanka wa samarin, ya kamo hanya.

Sai makahon nan. Kowace Juma'a Kapiten zai tsaya a ƙofarsa ya kama bakin sanda, makaho ya kama ɗaya bakin, su tafi masallaci. A duk Gaya shi kaɗai ne bai taɓa jin haushin bin baya ba. Nakan ce, "Ga kurma na jan makaho, saura gurgu ku cika majalisa." Makaho ya ce, "Ga ka nan, Mushe, gurgun hankali." Ya gaya mini a zaman makoki cewa tunda yake bin mutumin nan ko tuntuɓe bai taɓa yi ba. "Ko ƙaya, Mushe. Ko ƙaya ba ta taɓa sukata ba."

Abin da ya dame ni a kwanakin nan ba ƙarancin masu gaisuwa ba ne, ɗansa ne. Ɗa ɗaya gare shi, ya same shi da girma, uwar yaron kuma ta riga mu gidan gaskiya. Yana aiki a Yamai. Matarsa ta zo haihuwar fari gidan iyayenta a garin Bana, kuma washegarin jana'iza ta sauka, ɗa namiji. Duk wanda ya ji sai ya ce, "Allahu akbar, Kapiten ya dawo." Ai abin a fili yake: uba ya tafi, jika ya zo, sai a mayar da suna.

Na ce masa, "Ɗana, sunan dai ba sai an yi shawara ba."

Ya ce, "Baba Mushe, sunan surukina zan sa."

Na zaci gajiya ce. Sai ya gaya mini abin da na gani da idona na manta. Ranar Idin farko bayan uban ya dawo daga arewa, yaron na cikin sabuwar shadda, ya rugo ya kama hannun ubansa don su shiga filin Idi tare, kowa ya ga babansa soja. Uban ya daka masa tsawa, "Koma baya!" ya ture shi, ya faɗi cikin ƙura a gaban abokansa.

"Tun ranar nan a baya nake," in ji shi. "Ni ban san fuskar ubana ba, Baba Mushe. Ƙeyarsa na sani. In sa wa ɗana sunan ƙeya?"

Ni ubangidana ne na wasa, ina da abin da zan rufe ciwon da shi. Yaron ba shi da komai. Kuma na san in sunan nan ya wuce, shi ke nan. Ba gada mai sunansa, ba hoto a bango sai na katin soja, ni da makaho kuma ba mu da nisa.

Ana gobe addu'ar uku, da la'asar, ɗan ya tafi Bana ganin jariri, zaure ya rage daga ni sai makaho. Wani dattijo ya yi sallama, kakkaura, rigarsa duk baƙin mai. Direban kamyo ne, yana cikin layin duwan zai tsallaka iyaka zuwa Malanbil ya ji sanarwar rasuwa a rediyo. Ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya duba zauren.

"Ina mutane?"

Na ce, "Mu ne mutanen."

Ya dubi tabarmin da ba kowa. Sannan ya ce, "Ba ku san wa kunka rufe ba."

Shi ma tsohon soja ne, direba a ayarin da Kapiten ya raka a arewa. Ga abin da ya faɗa, ban ƙara gishiri ba, don bai bar wurin gishiri ba.

Sun ɗauko hatsi da ruwa da marasa lafiya, suka shiga wani busasshen kwari tsakanin duwatsu, inda mota ba ta iya juyawa. Motar gaba ta taka nakiya. Kafin ƙura ta lafa aka buɗe musu wuta daga saman dutse. Baya ba hanya, gaba an shuka mutuwa a cikin rairayi, na'urar neman nakiya kuma tana cikin motar da ta tashi.

"Kowa ya shige ƙarƙashin mota," in ji direban. "Ni har na yi shahada. Sai na ga Kapiten ya zare ƙarfen goge bindiga, ya fita fili, ya durƙusa. Yana soka ƙarfen cikin rairai a hankali, a karkace, kamar mai neman gyaɗa. Harsashi na tada ƙasa gabansa da bayansa, ko kai bai ɗaga ba. In ya ji ƙarfe ya taɓa abu, sai ya share da yatsu, ya kwance ta, ya aje gefe, ya matsa. Ya waigo sau guda ya ce muna, 'Inda na taka, ku taka. Wanda ya kauce ba ruwana.'"

Ya ce Kapiten yana da wani sarjan, mutumin Tanda, wanda ba sa rabuwa, tare suke ci, tare suke tafiya. Da sarjan ya ga wuta ta yi yawa a kan Kapiten, bai iya jurewa ba. Ya biyo sawun da gudu, da ya iso sai ya fita daga sawun ya tsaya a damansa, don ya kare shi da jikinsa ya mayar da wuta.

Direban ya ce, "Taku guda, Mushe. Taku guda ya yi gefe, nakiya ta tashi da shi."

Makaho ya ce, "Inna lillahi."

"Munka ce Kapiten ma ya tahi. Sai ga shi ya tashi, jini na zuba ta kunne. Ya share fuska da hannun riga, ya lalubo ƙarfensa, ya ci gaba. Ya kai ƙarshen kwarin, ya juyo ya share layi na biyu, don mota ƙafa biyu gare ta. Ya tattara abin da ya rage na sarjan cikin bargo, ya sa a motata. Sannan ya shiga gaban motar da ƙafa, ya ce in biyo shi. Wallahi ban kalli hanya ba, ban kalli dutse ba. Ƙeyarsa na kalla har munka fita. Ni duk duniya ba abin da na sani kamar ƙeyar mutumin nan."

Na tambaye shi ko an ba Kapiten lambar yabo. Ya ce an kira shi a ba shi, ya ce a kai wa uwar sarjan. Wayar direban ta yi ƙara, layi ya motsa, za a tsallake shi. Na roƙe shi ya jira ɗan marigayin, ya ce kayan mutane ne a motar. Ya tafi. Labarin da ya kamata a faɗa a gaban gari, tsohon malami da makaho ne suka ji shi, a zauren da ba kowa.

Bayan addu'ar uku na ce wa ɗan ya zo in nuna masa gonar shinkafar ubansa, tunda yanzu tasa ce. Muka fita da safe, muka bi tudun da ke tare kogi. Muna tafe kafaɗa da kafaɗa, abin har ya zame mini baƙo. Na ba shi labarin kamar yadda aka ba ni. Ni da na saba jan magana, ranar na taƙaita.

Can ya ce, "Ta wane hannu na kama shi ranar Idi?"

Na ce, "Ban riƙe wannan a kai ba."

"Dama ne," in ji shi. "Na riƙe." Muka ƙara tafiya. "To me ya hana shi faɗa mini? Kalma nawa ce?"

Na ce ban sani ba, kuma har yau ban sani ba. Mutumin da ya iya kwance nakiya da yatsu ya kasa buɗe baki ga ɗansa. Ba zan wanke shi a nan ba. Taubashi ba lauya ba ne.

Gonar tana ƙarshen tudun, ta wata ƴar siririyar hanya da ba mai binta sai shi. Ranar da aka yi ruwan ƙarshe ya je duba ta, washegari ya kwanta, ƴan ƙwadago kuma ta ɗaya gefen suka shiga yanka. Laka ta bushe da sawunsa a ciki. Ga su nan, takalmin soja, ɗaya bayan ɗaya, a miƙe kamar an ja layi da rula, ba wani sawu a dama, ba wani a hagu.

Ɗan ya tsaya yana kallo. Ni kuma, saboda sabo, na ga na koma baya. Ya cire takalminsa ya riƙe a hannu, ya sa ƙafa cikin sawun farko, sannan na biyu. Takun uban gajere ne, na mai lura, shi kuwa dogo ne, sai da ya rage sauri. Haka ya bi su har bakin gona, kansa a sunkuye. Na kalle shi daga baya, na ga ƙeyar iri ɗaya ce. Ban faɗa masa ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da magana ta zo mini baki na mayar da ita.

A hanyar dawowa bai yi zancen suna ba, ni ma ban yi ba.

Ranar suna na hau kabu-kabu zuwa Bana, makaho a mota ta gaba, don ya rantse sai ya je. Aka raba goro da dabino, ɗan ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan. Makaho ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

Ba zan rubuta sunan a nan ba. A gidan ma ba mai ƙara faɗinsa, don ɗa ba ya kiran sunan ubansa, suruka ba ta kiran na surukinta. Haka muke adana mutum, mu sa sunansa a inda ba mai iya furta shi. Kafin a gama rabon naman suna mata sun fara kiran jaririn Kapiten.

Ɗan ya same ni a gefe ya ce, "Baba Mushe, ban ce na manta ranar Idi ba."

Na ce, "Ba wanda ya ce ka manta."

Aka miƙo mini jaririn. Na duba shi, ya yamutsa fuska bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo. Na ce, "Ranka ya daɗe, bawanka ya zo gaisuwa. Har yanzu girman kan na nan?" Mata suka yi dariya. Ni ma na yi, gwargwadon iko.

Sun koma Yamai bayan arba'in. Ranar Juma'a ni ke jan makaho yanzu, kuma ya ce tun da aka haife shi bai taɓa shan tuntuɓe irin na hannuna ba. Sauran ranaku ni kaɗai nake fita. Ƴaƴan dara na nan a aljihun rigar da ya bari, ban ɗauko ba. Jiya da la'asar na bi hanyar kasuwa ta wajen masu rake, na tsinci kaina ina tafe a hankali, ina kauce wa kwalba da ƙusa da ramin da ban taɓa sanin suna wurin ba. Shekaru ina bin hanyar nan ina surutu, kaina a sama, ban taɓa duba inda nake sa ƙafa ba. Akwai mai duba mini.

Allah ya jiƙan ubangidana, ya haɗa shi da sarjan ɗinsa a inda za su jera ba tsoro. Ya share masa hanya kamar yadda ya share wa mutane. Mu da muka rage a baya, Allah ya nuna mana inda za mu taka.